Zaton da ke Ɓoye cikin Taskokin Manhaja: Nazari kan Kayan Aikin Masu Rubuta Manhaja a Diffa da Kwarin Komadugu

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan fasahar kwamfuta da raya karkara, a garin Diffa, Jamhuriyar Nijar

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kayan aiki da taskokin umarni waɗanda masu rubuta manhaja ke dogara da su, ta auna su da halin da ake ciki a garin Diffa da kwarin kogin Komadugu. Da'awarta ita ce, kowace taska tana ɗauke da zaton ƙasar da aka rubuta ta, kuma ɓarna mai yawa da ake gani cikin bayanan lafiya da na noma da na agaji daga zaton da ba a bincika ba take tasowa. An bi zato huɗu, watau na sadarwa, da na rubutun suna, da na adadi, da na wanzuwar taskar kanta, aka bayyana yadda kowanne ke warwarewa a wannan ƙasa, aka ambaci kayan aikin da suka yi masa tanadi, sa'an nan aka rufe da shawarwari.

1. Muƙaddima

Zan yi magana a kan wata mas'ala wadda ga zahiri ta masu sana'ar kwamfuta ce kaɗai, amma idan aka bi ta zuwa ƙarshenta sai a tarar ta shafi ma'aikaciyar asibitin da ke ƙidayar yaran da aka yi wa rigakafi a Shetimari, da manomin tattasai da ke son sanin lokacin da ruwa zai iso gonarsa, da wanda fitina ta raba da garinsu yana jiran a kira sunansa a wurin rabon abinci.

Tun da ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jihar Diffa daga 2015, aikin da a da ake yi da takarda da alƙalami ya koma cikin wayar salula, samarinmu da ƴan matanmu kuwa su ne ake ɗauka su tsara takardun tambayoyi, su tace bayanai, su zana taswira, wasunsu ma su rubuta ƴan manhajojinsu na kansu. Abin da nake son in tabbatar a gabanku shi ne, ƙwarewar mai wannan sana'a a Diffa ba ta cika da sanin yadda ake sarrafa kayan aiki, sai ya haɗa da sanin abin da maƙerin kayan ya ɗauka tabbas ne alhali a wurinmu ba tabbas ba ne.

2. Taƙaitaccen bayanin abin da ake magana a kai

Manhaja jerin umarni ce da ake rubuta wa kwamfuta ko waya cikin wani harshe mai tsayayyen nahawu, kamar Python wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ko Java, ko JavaScript, kuma a ƙarƙashin umarnin akwai matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga natija, ba tare da an bar wa mai bi ƙofar ijtihadi ba. Irin wannan tsari ba baƙo ba ne ga malamanmu, domin wanda ya karanci ilmin rabon gado ya san yadda ake fitar da asalin mas'ala kafin a ba kowane magaji rabonsa, kuma Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu da ya jera matakan cika hatimi mai gidaje na adadin wutiri, yadda duk wanda ya bi su zai isa ga amsa ɗaya.

Taska kuwa, wadda masu sana'a ke kira laburare, tarin umarni ne da wani ya riga ya rubuta domin wata buƙata da ke yawan maimaituwa, kamar karanta kwanan wata, ko jera sunaye, ko aika saƙo, ya ajiye shi inda kowa zai ɗauka ya saka cikin aikinsa. Mai rubuta manhaja na wannan zamani kaɗan yake rubutawa da hannunsa, sauran duk aro ne, kuma taskar da ya ara ita ma ta ari wasu, har silsilar ta kai inda bai taɓa leƙawa ba. Fa'idar wannan a bayyane take, domin ta sa mutum ɗaya yana gama cikin mako abin da a da sai jama'a sun shekara a kansa. Illarsa ita ce duk wanda ya ari taska ya ari hukuncin marubucinta game da yadda duniya take.

3. Ƙasar da za a yi awon da ita

Diffa tana nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,300 a kan babbar hanya ta ɗaya. Kogin Komadugu Yobe, wanda ke samun ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are, shi ne iyakar Nijar da Nijeriya a kusan kilomita 150 na ƙarshen tafiyarsa, kafin ya faɗa Tafkin Chadi a wajen Bosso. Ruwansa yakan iso da damina, ya kai maƙura bayan damina ta ɗauke, sa'an nan ya ja baya har ya kafe da bazara, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a ƙasar Kano, yawan abin da ke isowa ya rataya ga abin da ake yi a can sama. A kan wannan ruwa ake noman tattasai wanda jihar ta yi suna da shi, tare da shinkafa da albasa. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babura, jama'a masu yawa suka bar gaɓar kogi da tsibiran tafki suka zauna a gefen kwalta ko a sansanoni irin na Sayam Forage. Ana magana da Kanuri da Fulatanci da Tubanci da Larabci da Buduma, Hausa kuwa ita ce ke haɗa su a kasuwa, takardun hukuma kuma da Faransanci aka saba rubuta su. Wannan shi ne ma'aunin da za mu ɗora kayan aikin a kai.

4. Zato na farko: cewa sadarwa ba ta yankewa

Yawancin taskokin da ake koyar da ɗalibai da su an rubuta su ne a biranen da intanet ke samuwa dare da rana, saboda haka suna ɗaukar cewa duk lokacin da waya ta nemi babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, wadda ake kira sabar, za ta same ta, kuma yankewar rezo hatsari ne da yake aukuwa jefi-jefi. Eric Brewer ya gabatar da wata ƙa'ida a 2000, wadda Seth Gilbert da Nancy Lynch suka kafa wa hujja a 2002, cewa idan bayanai suna warwatse a wurare da yawa kuma hanyar da ke tsakaninsu ta yanke, to, lalle tsarin ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya ƙi yin aiki har sai hanya ta dawo domin kada wuraren su saɓa wa juna, ko ya ci gaba da aiki ya yarda cewa za a sami saɓanin da za a daidaita daga baya. A wurin ma'aikacin da ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun rezo, zaɓi na biyu wajibi ne, domin ba za a ce wa marar lafiya ya jira sadarwa ba.

Akwai kayan aikin da tun asali a kan wannan sharaɗi aka gina su. ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, da KoboToolbox wadda manhajarta ta waya daga ODK aka samo ta, suna ajiye amsoshi cikin wayar kanta har ranar da aka sami hanyar aikawa. DHIS2 ta Jami'ar Oslo, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke cikin masu aiki da ita, ita ma tana da manhajar waya mai irin wannan tanadi. A ƙarƙashin da yawa daga irin waɗannan akwai SQLite, ƙaramar taskar rumbun bayanai da D. Richard Hipp ya fitar a 2000, wadda ke zuba rumbu sukutum cikin fayil ɗaya, ba ta buƙatar sabar, kuma an tsara ta yadda idan batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, to, ko dai rubutun ya shiga baki ɗaya ko kuwa bai shiga ba sam.

Sai dai ajiya a waya rabin aiki ne, wuyar tana ranar haɗawa, kuma mas'aloli uku ne ke fitowa. Ta farko ita ce lambar shaida: idan ma'aikaci ɗaya yana Geskeru ɗaya yana Kablewa, kowace waya tana ba gidajen da ta rubuta lamba ɗaya, biyu, uku, to, ranar da aka haɗa su gida biyu za su yi karo a kan lamba ɗaya. Maganin wannan shi ne doguwar lambar da ake kira UUID, wadda kowace waya ke ƙirƙira da kanta ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma saboda tsawonta yiwuwar biyu su zo ɗaya ta yi ƙanƙantar da ba a lissafa ta. Ta biyu ita ce maimaita aike: rezo ya yanke bayan saƙo ya isa amma kafin amsa ta dawo, ma'aikaci ya sake dannawa, sai a ƙidaya iyali ɗaya sau biyu, wani iyali ya rasa buhunsa. Wajibi ne a gina sabar yadda aike ɗaya, ko an maimaita shi sau goma, natijarsa ɗaya ce. Ta uku ita ce saɓanin gyara, inda mutum biyu suka gyara bayani ɗaya a wayoyi biyu. Taskoki da yawa suna yanke hukunci da cewa na ƙarshe shi ne daidai, alhali agogon wayar da ta kwana biyu ba caji ba abin dogaro ba ne, kuma tun 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa jera aukuwar abubuwa tsakanin na'urori masu nisa da juna ba ya tabbata da agogonsu kaɗai. CouchDB, wadda Damien Katz ya fara a 2005, ta fi kusa da abin da ya dace da mu, domin tana riƙe riwayoyin biyu duka, ta nuna akwai saɓani, har wanda ya san al'amarin ya yi tarjihi.

5. Zato na biyu: cewa suna hanya ɗaya ake rubuta shi

A cikin kwamfuta kowane harafi lamba ce, kuma tsarin Unicode, wanda bugunsa na farko ya fito a 1991, ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu, haka nan ǝ da ɍ na rubutun Kanuri yadda hukumar Nijar ta tsayar da shi a 1999. Samun lamba bai raba gardama ba. Idan aka bar kwamfuta ta jera sunaye bisa girman lambar harafi, wanda shi ne abin da harsunan manhaja da yawa ke yi in ba a umarce su da wani abu ba, Ɗanladi da Ƙasimu za su koma bayan Zainabu, mai neman su a ƙarƙashin D da K ya ce ba a rubuta su ba. Taskar ICU, tare da kundin ƙa'idojin harsuna na CLDR, ta san cewa a Hausa ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k, amma sai an kira ta an gaya mata harshen.

Mas'alar Kanuri ta fi wannan zurfi. Akwai haruffa biyu da ido ba ya bambance su, ǝ mai lamba U+01DD da ə mai lamba U+0259, kuma ba sa bayyana saɓaninsu sai an mai da su manya, inda na farko ke zama Ǝ, na biyu ya zama Ə. Idan ma'aikata biyu suka buga suna ɗaya da madannai daban-daban, kwamfuta za ta ɗauke su mutum biyu, kuma babu mai dubawa da zai gane dalili daga kallon takarda. Haka harafin ï na Maïné-Soroa yana yiwuwa a ajiye shi da lamba ɗaya ko da lamba biyu, watau i da ɗigonta daban, kuma wannan kam akwai umarnin daidaitawa cikin Python da ICU da ke mai da su siffa ɗaya, matuƙar an tuna an yi aiki da shi kafin kwatantawa. Hausa ita ma tana da nata, domin abin da ake rubutawa ƴ a Nijar ana rubuta shi 'y a Nijeriya, mutanen da ake rubutawa kuwa daga gaɓa biyu na kogi suke.

Sunan N'Guigmi ya cancanci a tsaya a kansa, saboda waƙafin sama da ke cikinsa shi ne alamar da harshen SQL ke rufe zance da ita. Wanda ya haɗa tambayarsa ga rumbun bayanai ta hanyar manna suna kai tsaye cikin umarni, da zarar an shigar da wannan gari umarnin zai karye, kuma ta wannan ƙofa ce ɓarayin bayanai ke cusa nasu umarnin. Dukkan taskokin rumbu na kirki suna da hanyar miƙa suna daban da umarni, wadda ke toshe aibobin biyu gaba ɗaya. Game da garuruwan da ake rubutawa N'Guigmi da Nguigmi da N'guigmi, ƙa'ida ita ce kada a mai da suna shi ne shaida: a ba kowane wuri tsayayyar lamba, irin waɗanda ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya ke rarrabawa, a rataya mata dukkan rubuce-rubucen sunan, na Faransanci da na Kanuri da na Hausa da na ajami.

6. Zato na uku: cewa kowane gurbi yana da adadi sananne

Malaman usulu sun bambance yaƙini da zato da shakka, amma takardar tambayoyi da aka tsara da gaggawa gurbi ɗaya take bayarwa, ta tilasta a cika shi. A tashar awon ruwa ta Bagara, kusa da garin Diffa, sifiri magana ce ta gaskiya a watannin da kogi ya kafe. Ranar da mai awo bai sami zuwa ba, saboda tsaro ko rashin lafiya, ba a san adadin ba, kuma idan manhaja ta cika wannan gurbi da sifiri ta yi shaidar zur, matsakaicin da za a fitar zai ragu, mai nazarin ambaliya irin wadda ta ci unguwanni da gonaki a Oktoba 2019 zai gina hasashensa a kan abin da bai faru ba. SQL tana da alamar NULL, harshen R yana da NA, taskar pandas ta Python tana da NaN, dukansu domin a ce ba a sani ba, sai dai kowace da halinta wajen tarawa, domin pandas tana tsallake gurbin da babu kome ba tare da ta faɗa ba, R kuwa tana mai da jimlar duka abin da ba a sani ba har sai an ba ta izinin tsallakewa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma gurbin da aka bari fili da dalilinsa a rubuce ya fi adadin da aka ƙaga.

Haka al'amarin ranar haihuwa. Dattawa da yawa takardunsu cewa suke an haife su wajen shekara kaza, manhaja kuwa tana neman rana da wata, sai ma'aikaci ya sa 1 ga Janairu, daga nan zato ya shiga rigar yaƙini, kuma tsarin da ke gano maimaici ta hanyar suna da ranar haihuwa zai haɗe mutane daban-daban ya share ɗayansu. Ƙa'idar ISO 8601, a kashinta na biyu da ya fito a 2019, ta ba da hanyar rubuta shekarar da ake kirdado, ta sa mata alama a ƙarshe, kuma ko ba a bi ta ba, ƙara gurbi ɗaya da ke cewa wannan kirdado ne ya wadatar.

Kuɗi ma suna da nasu tarko. A kasuwannin wannan jiha sefa da naira duk suna yawo, kuma mai ciniki da Hausa da dala yake ƙidaya, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka idan manomi ya ce ɗari yana nufin sefa 500, in ya ce jika yana nufin 1,000. Wanda ya koyi lissafi da Faransanci yana rubuta 1,5 yana nufin ɗaya da rabi, alhali a ƙetaren kogi waƙafi dubbai yake rabawa. Adadin da ba a rubuta ma'auninsa tare da shi ba bai zama bayani ba tukuna, kuma wannan kuskure ba na ƙananan ma'aikata ba ne kaɗai, domin a Satumba 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani sashen manhaja yana ba da adadi da ma'aunin Amurka, wani yana karɓarsa a kan ma'aunin mita. A ƙara da cewa kwamfuta ba ta riƙe ɓangarorin goma daidai, har idan aka tara 0.1 da 0.2 a Python amsar takan ɗara 0.3 da ɗan abin da bai kai a gani ba, shi ya sa lissafin kuɗi ake yin sa da cikakkun lambobi ko da taskar decimal.

7. Zato na huɗu: cewa taskar za ta kasance a inda aka bar ta

A Maris 2016 wani marubuci ya janye wata ƴar taska mai suna left-pad, wadda ba ta wuce layi 11 ba, daga rumbun npm, nan take ayyuka masu yawa a duniya suka kasa haɗuwa domin a can ƙasan silsilarsu da ita suka dogara. Idan haka ta sami masu intanet mai ƙarfi, ina ga wanda ko a ranar lafiya saukar da kayan aiki na cinye masa kuɗin sadarwar mako? Abin da ya dace da mu shi ne a ƙayyade bugun kowace taska a rubuce, a sauke su sau ɗaya a ajiye kwafinsu a kwamfuta ta cikin gida, kuma a fifita taska ƙarama, daɗaɗɗiya, mai ƙarancin dogaro ga wasu, a kan sabuwar da ake yayi. Masu SQLite sun bayyana niyyar kula da ita har 2050, irin wannan alkawari kuwa abin dubawa ne ga wanda ke ajiye awon kogi domin jikokinsa.

A nan ne Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ke da babbar fa'ida, domin kowace kwamfuta tana riƙe da cikakken tarihin aikin, ana yin gyara ba tare da intanet ba, ana kuma iya ɗaure tarihin cikin fayil ɗaya a kai wa abokin aiki a Maïné-Soroa a cikin aljihu. Mutanen wannan kwari, wanda a cikinsa Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, kuma a can Imam Ahmad bin Furtuwa ya rubuta tarihin Mai Idris Alauma, ba sa buƙatar dogon bayani game da isnadi. Kowane gyara a Git yana ɗauke da sunan mai shi, da lokacinsa, da hatimin lissafi na gyaran da ya gabace shi, yadda ba a iya taɓa wani matani na baya ba tare da silsilar ta tona asiri ba. Amma silsila tana tabbatar da cewa matani bai sauya ba ne kawai, ba ta tabbatar da adalcin mai riwaya, kuma an ga haka a Maris 2024, lokacin da Andres Freund ya gano wata ɓoyayyar ƙofa cikin taskar xz, wadda wani da ya daɗe yana neman amincewar masu aikin ya dasa. Saboda haka bitar gyara kafin a karɓe shi, mutum na biyu ya karanta abin da na farko ya rubuta, rukuni ne na sana'ar.

Da wannan ake haɗa mas'alar lasisi. Manhajar da aka saki ƙarƙashin lasisi irin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, kowa yana da haƙƙin karanta asalin umarninta, ya gyara, ya rarraba. QGIS ta zanen taswira, wadda aka fara a 2002, tana cikin wannan sahu, kuma taswirar OpenStreetMap, wadda aka kafa a 2004, kowa na iya ƙara mata unguwarsu. Ayyukan agaji wa'adi gare su, kuma manhajar da asalinta ke kulle a hannun wani kamfani na nesa takan mutu ranar da kuɗin aikin suka ƙare, ta bar bayanan jama'a cikin siffar da ba mai iya buɗewa.

8. Amanar bayanai

Sunan mutum da garin da ya baro da inda yake kwana yanzu, a ƙasar da ake fama da fitina, abu ne da zai iya jawo masa halaka idan ya faɗa hannun da bai dace ba, kuma wayar da ke tara amsoshi kwana da kwanaki kafin ta sami rezo ta fi kowace zama cikin hatsari. ODK tana da hanyar rufe amsa da zarar an kammala ta, yadda ko mai wayar ba ya iya buɗewa sai mai riƙe da mabuɗi. A Janairu 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta bayyana cewa an kutsa cikin bayanan mutane fiye da 515,000, Nijar kuwa tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017. Mafi ingancin kariya shi ne kada a tambayi abin da ba a buƙata.

9. Shawarwari

Na farko, Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta jagoranci tara kundin gwaji na wannan jiha, wanda zai ƙunshi sunaye masu ƙugiya da masu waƙafin sama, da haruffan Kanuri biyu masu kama da juna, da shekarun kirdado, da awon kogi mai giɓi, da farashi na dala da na naira, a sake shi ga kowa, domin duk manhajar da za a kawo a fara gwada ta da shi. Na biyu, a kafa ma'ajiyar taskoki ta cikin gida wadda ɗalibai za su ɗiba ba tare da sun sayi sadarwa ba. Na uku, hukumomin jiha su sa sharaɗi cikin kowace yarjejeniya cewa za a miƙa asalin umarni da tarihinsa da bayanai cikin buɗaɗɗiyar siffa kafin aiki ya tashi. Na huɗu, tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, malaman harshe su haɗa kai da masu manhaja wajen rubuta jagorori da Hausa da Kanuri, su kuma aika gyare-gyarensu ga CLDR, wanda ƙofarsa a buɗe take ga masu harshe. Na biyar, a koya wa ɗalibi kashe rezo da gangan yana tsakiyar gwaji, ya ga abin da manhajarsa za ta yi.

10. Kammalawa

An ga cewa kayan aikin da suka dace da kwarin Komadugu akwai su, yawancinsu ma kyauta ne, kuma abin da ya rage shi ne mai aiki da su ya san tambayar da zai yi musu kafin ya amince: me za ki yi idan hanya ta yanke, yaya kike jera haruffanmu, ina kike ajiye abin da ba a sani ba, wa zai gyara ki bayan masu kawo ki sun tafi? Taskar da ta kasa amsa waɗannan ba ta cancanci a ɗora mata lafiyar jama'a ko abincinsu ba, kome sunan da ta yi a wata ƙasa. Ina kira ga malamai da shugabannin ma'aikatu da ke wannan zaure da su ba matasan Diffa dama da lokaci su yi wannan bincike da kansu, domin su ne suka san sunayen, su ne kuma za su zauna da natijar. Allah ya sa mu dace.